Saura Amai, Farfesa

A wani dogon gini mai shaguna goma sha biyu, shida na kallon shida, da siririn lungu a tsakaninsu, akwai wani mai rubuta allunan talla da kowa ke kira Farfesa. Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan ba. Shi ya rubuta abinsa da jan fenti a saman ƙofar shagonsa. Tun da kuwa shi ke rubuta allon kowa a ginin, babu wanda ya so ya ja da shi, kada a wayi gari Tela ya ga an zana masa almakashi mai kama da ƙafar kaza.

Ba a taɓa ɗauko zancen da Farfesa bai sani ba. In ana maganar jirgin sama, ya taɓa ba wani matuƙi shawara. In ana maganar kifi, ya san wanda ke barci da ido ɗaya. Shekara ashirin da biyu yana zuƙar taba, sai bara ya yar da ita ya sayi sigarin lantarki, wani ɗan bututu mai sheƙi da ake sa wa caji kamar waya, mai fitar da hayaƙi da ƙamshin lemo. Tun daga ranar ya zama wanda ya fi kowa lafiya a ginin, a bakinsa dai.

"Wannan ba hayaƙi ba ne," yakan ce, yana busa wa Mai Aski gajimare guda a fuska. "Tururi ne. Wanka nake yi wa huhuna."

Matarsa na da shago na ƙarshe a lungun, tana sayar da zare da maɓallai. Mace ce mai shiru, irin wadda in ta yi magana sau uku a wuni an ce yau ta yi surutu. A gaban jama'a Madam yake ce mata, da murya mai kauri. Amma akwai wani suna da ba ya fita sai in su biyu ne. Shekara goma sha tara da suka wuce yana kan tsani yana rubuta allon shagon mahaifinta, tsanin na rawa, sai ta fito ta riƙe shi ba ta ce uffan ba. Awa biyu tana riƙe, awa biyu yana zuba daga sama. Da ya sauko ya dube ta, a karon farko a rayuwarsa maganar ta ƙare masa, abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Sannu, mai riƙon tsani." Sunan ya zauna, a ɓoye.

To, wata Litinin haƙori ya hana Madam sakat, Farfesa ya raka ta asibiti. Awa uku suka yi a layi, kujerarsa na fuskantar wata takarda da aka manna a bango, mai hoton mutum dafe da ƙirji, an jera alamomin bugun zuciya guda biyar. Farfesa ya karanta su har ya haddace. Akwai wani layi a can ƙasan takardar, amma injin ruwan sha ya tare shi, shi kuwa Farfesa ba ya tashi daga kujera don karatu.

Ya shiga asibiti mai fenti, ya fito likitan zuciya.

Aka yi dace, ko kuma rashin dace, washegari Gwaggo mai ginin ta zo zagayenta. Tsohuwa ce mai sanda da tabarau, ba ta dariya sai ta ga dalili. Ta tara 'yan shaguna ta nuna musu wani farin akwati na taimakon gaggawa, da falmaran ja mai ratsin azurfa da ke ƙyalli in haske ya doke shi.

"Mutum ɗaya zan damƙa wa," in ji ta. "Ranar Asabar da safe duk mai so ya nuna mini abin da ya iya."

Farfesa bai ji sauran ba. Idonsa na kan falmaran. Har ya hango kansa a ciki, yana tafe a lungu, ana darewa.

"Gwaggo, ki ɗauka an gama," ya ce. "Tela, zo ka auna ni, wataƙila sai an buɗa ta ta wajen ciki."

Kafin azahar ya kafa abin da ya kira Rundunar Ceton Zuciya. Shi ne kwamanda, da usur a wuya. Tela ne magatakarda. Mai Walda zai ƙera gadon ɗaukar mara lafiya. Mai Aski kuwa, da ya tambayi nasa muƙamin, aka ce masa ya jira, za a neme shi. Sannan Farfesa ya ɗauko allo mafi girma a shagonsa ya rubuta da manyan baƙaƙe:

ƊAYA: NAUYI KO MATSI A ƘIRJI.
BIYU: CIWON YA SAUKA HANNU, KO YA HAU WUYA DA MUƘAMUƘI.
UKU: GUMI MAI SANYI.
HUƊU: NUMFASHI DA ƘYAR.
BIYAR: TASHIN ZUCIYA KO AMAI.

Yana kan tsani yana kafa allon a bakin lungu, bututunsa a gefen baki, sai ya ji kamar wani ya ɗora masa buhun siminti a tsakiyar ƙirji. Ya tsaya. Ya sauko a hankali ya zauna kan gwangwanin fenti. Bayan 'yan mintoci abin ya sake shi. Ya ɗaga kai ya dubi allon, ya ƙirga.

"Ɗaya cikin biyar," ya ce a ransa. "Ko a jarrabawa wannan faɗuwa ce." Ya ɗora laifin a kan bel ɗin wandonsa, ya sassauta shi rami ɗaya, ya ƙara zuƙa.

Ran Laraba Mai Walda ya kawo gado. Da ragowar wata tsohuwar ƙofar gareji ya yi shi, don a cewarsa ba ya aikin da zai karye. Mutum huɗu suka ɗaga shi babu kowa a kai, suna nishi.

"Farfesa," in ji Tela, "wannan gadon ceto ne ko makara?"

"Rubuta cewa magatakarda ya yi maganar banza. Mai Aski, ga muƙaminka ya zo. Hau ka kwanta."

"Ni ne mara lafiyar?"

"Kai ne ka fi kama."

Mai Aski ya hau yana gunaguni. Farfesa ya busa usur, aka kinkime shi aka nufi bakin lungu da gudu. Ƙarau! Gadon ya fi ƙofar lungun faɗi da tafin hannu guda.

"Ka auna kuwa?" Farfesa ya daka wa Mai Walda tsawa.

"Na auna Mai Aski. Ba ka ce in auna ƙofa ba."

"Ku karkata shi!"

Suka karkata. Mai Aski ya sulale kamar sabulu, ya dira da mazaunai cikin bokitin da Farfesa ke wanke buroshi. Da ya miƙe, bayan wandonsa rabi shuɗi rabi ruwan ɗorawa. Har yamma duk wanda ya zo aski sai ya tambaye shi ko tutar wata ƙungiya ce.

Ran Alhamis abin ya fi haka. Farfesa na wucewa ta gaban shagon aski sai ya hango wani ƙaton baƙo a kan kujera, an aske masa rabin kai, yana gumi, hannunsa a kan ƙirji. Farfesa bai yi wata-wata ba, ya busa usur har sai da kyanwar ginin ta haye rufi.

"Runduna! Ga na gaske!"

Kafin baƙon ya ankara an sungume shi an ɗora a kan gadon ƙarfe, da zanen aski a wuya.

"Kai! Lafiya? Ku sauke ni! Wayata nake lalube a aljihun riga!"

"Kun ji ko?" in ji Farfesa yana gudu a gefe. "Musu! Duk haka suke yi. Bawan Allah, kwantar da hankalinka, kana hannun masana."

"Gumin fa?" Tela ya tambaya yana haki.

"Fankar shagon ce ta mutu!" baƙon ya yi ihu.

Ƙarau! Suka sake cin karo da ƙofa. Baƙon ya sauko da kansa. Bai doki kowa ba, amma abin da ya faɗa wa Rundunar Ceton Zuciya, ɗaya bayan ɗaya, har da iyayensu, ba ya maimaituwa. Ya fita da rabin gashi, ya rantse gara ya yi yawo haka da ya sake zama a kujerar ginin nan.

Tela ya cire alli daga bayan kunne ya ajiye. "Ni na sauka. Ina da iyali."

"Tsaya," in ji Farfesa. "Kuskuren naku ne, kun yi gaggawa."

"Kai ka busa usur!"

"Na busa ne in gwada ku. Yanzu ga doka. Daga yau ba a taɓa kowa sai alamomi biyar sun cika cif. Kai Tela, duk wadda ka gani da idonka ka ja mata layi da alli. In biyar sun cika, ni in busa, sannan a ɗauka. Ko mutum ya yi rantsuwa, ko ya yi kuka, ko ni ne da kaina, biyar ko babu. Kun ji?"

"Biyar ko babu," suka amsa. Wannan dokar ta yi wa Tela daɗi, don shi mutum ne mai son awo ya cika.

Da yamma suna rufe shago, Madam na jera kwalayen maɓalli, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Baban yara, takardar nan ta asibiti akwai layi a ƙasanta."

"Sunan wanda ya buga ta ne."

"A'a. Na je shan ruwa na karanta. Cewa aka yi ko ɗaya mutum ya ji, musamman ta ƙirji, kada ya jira sauran, a nemi asibiti nan take."

Farfesa ya yi dariyar manya. "Madam, ke da haƙori ke ciwo, ina kika ga ta karatu? In ɗaya ta isa, me ya sa suka wahalar da kansu suka rubuta biyar?"

Ta ɗago ta dube shi. "Shekaranjiya na gan ka zaune kan gwangwani."

"Tunani nake yi."

"Ba ka tunani a zaune. A tsaye kake yi, da baki."

Ya busa gajimare ya ɓuya a ciki. Ita kuma ta ɗauki wayarta ta adana wata lamba.

Ran Juma'a aka nemi wanda zai yi mara lafiya a gaban Gwaggo, aka rasa. Mai Aski ya ce wandonsa ɗaya ya rage. Mai Walda ya ce shi ne mai ɗaukar gaba. Tela ya nuna allinsa.

"Shi ke nan," in ji Farfesa. "Dama babu mai iyawa sai ni. Gobe za ku ga bugun zuciyar da ko a asibiti ba a taɓa yin irinsa ba."

Asabar da hantsi lungu ya cika. 'Yan shaguna, masu sayayya, masu wucewa da suka ga taro suka tsaya. Gwaggo na zaune a kujera a tsakiya, falmaran ja a ninke a cinyarta. Madam na can baya, jingine da ƙofar shagonta, da ƙwaryar zare a hannu.

Farfesa ya fito da farar riga mai guga. Ya yi jawabi na minti ashirin, inda ya bayyana cewa zuciya famfo ce, kuma shi ya san famfo tun yana yaro. Sannan ya ɗaga bututunsa sama.

"Jama'a, ku fara ganin huhun mai lafiya, kafin ku ga na mara lafiya."

Ya zuƙa. Ya ƙara zuƙa. Ya zuƙa ta uku har idanunsa suka firfito, ya saki hayaƙin da ya rufe Gwaggo gaba ɗaya, sai sandarta ake gani tana kore shi. Aka tafa. Ya taka tsani mataki uku don ya nuna alama ta ɗaya a kan allo.

Nan buhun simintin ya dawo. Wannan karon da ɗan'uwansa ya zo.

Farfesa ya sauko. Ya dafe ƙirji, ba irin dafewar da ya gwada a gaban madubi ba, wadda ke da ɗaga gira da karkata kai. Hannun ne ya tafi da kansa. Ya lalubi gwangwanin fenti ya zauna.

"Ɗaya!" Tela ya sanar, ya ja layi.

"Bel ne," Farfesa ya ce a ransa. Ya taɓa ƙugu. Yau ko bel bai sa ba.

Wani abu mai nauyi ya gangaro kafaɗarsa ta hagu, ya bi hannu har gwiwar hannu, wani kuma ya haura ya kama masa muƙamuƙi kamar haƙoran Madam ne suka yi ƙaura zuwa bakinsa. Ya shafa hannun, ya shafa haɓa.

"Biyu!" in ji Tela. "Har kashi biyun ya haɗa. Kai, Farfesa!"

"Wallahi ya fi 'yan fim," in ji wata mata mai goyo.

Gumi ya keto masa, farar rigar ta manne a baya. Mai Walda ya matso ya taɓa goshinsa, ya ja da baya da mamaki.

"Jama'a, da sanyinsa! Kamar an fito da shi daga firji. Farfesa, ina ka ɓoye ƙanƙarar?"

"A cikin hula ne," in ji Mai Aski. "Na san dabarar."

"Ba shi da hula."

"To wannan ita ce dabarar."

"Uku!" in ji Tela.

Gwaggo ta gyara tabarau ta sunkuyo. "Yaron nan ashe ya iya wani abu," ta ce, ta fara warware falmaran.

Farfesa ya ga jan ƙyallen yana buɗewa, ya ga ratsin azurfa, zuciyarsa ta so ta yi murna amma ba ta da sarari. Ya nemi iska, ya ji kamar ta cikin bututun biro yake jawo ta. Tsoro ya fara shigarsa, tsoro na gaske, mai sanyi kamar gumin.

"Huɗu! Saura ɗaya!"

"Tela," ya ce, muryar ƙasa-ƙasa. "Tela... da gaske ne."

Taro ya fashe da dariya da tafi.

"Kun ji! Har da 'da gaske ne'!" Tela ya juya ga jama'a yana bayani kamar ɗalibin kirki. "Gwaji ne. Shi ya ce ko shi ne da kansa, biyar ko babu." Ya juyo. "Ba ka kama ni ba, Farfesa. Saura amai."

"Ku... ɗauke ni."

"Amai tukuna."

"Yi ɗan kaɗan mana," in ji Mai Aski. "Ga bokiti. Ni ma na san bokitin nan."

"Ko yunƙuri ka yi, zan ja rabin layi," Tela ya sassauta.

Farfesa ya kai usur baki ya busa. Abin da ya fito bai fi numfashin jariri ba: fff. Aka sake tafawa. Wani daga baya ya ce a maimaita wannan wurin, bai ɗauka a waya ba.

Abin haushin, shi kansa Farfesa ya ɗaga ido ya ƙirga layukan allin, ya ga huɗu, wani sashe na kansa ya ce, to ai ba ta cika ba, wataƙila ba ita ba ce. Bari in ɗan zuƙa, ko iska ta buɗe. Ya ɗago bututun. A nan idonsa ya tsallake kawunan mutane ya sauka a kan Madam.

Ta riga ta ajiye zaren. Waya na kunnenta, tana ratsowa cikin taro. Ita ba ta ƙirga komai ba. Abin da ta lura da shi shi ne mijinta ya yi minti biyu cur a gaban taro bai yi bayanin komai ba.

Da ta iso gabansa, bakinsa ya motsa. Ba Madam ya ce ba.

"Mai riƙon tsani," ya ce, a gaban kowa da kowa, "yana rawa."

Ta fizge bututun daga hannunsa ta jefa cikin gwangwanin jan fenti, ya nutse, ɓul. Sannan matar da ba a taɓa jin muryarta daga shago na uku ba ta buɗe baki, har Gwaggo sai da ta saki sanda.

"Ku matsa ku ba shi iska! Mai Aski, kujerarka mai taya, yanzu! Na kira motar asibiti, tana zuwa bakin titi. Baban yara, kada ka tashi, jingina a jikina."

Ta ɓalle masa maɓallin wuya, maɓallin da ita ta ɗinka.

Tela ya matso yana murza alli. "Madam, ki yi haƙuri, ba don na raina ki ba, amma doka ta ce sai..."

Ta karɓe allin, ta ja layi a kan ta biyar da ƙarfin da ya karya shi gida uku, ta danƙa masa guntayen a hannu.

"Ta cika. Tura kujera."

Sai a lokacin fuskar Tela ta sauya. Ya dubi Farfesa, ya dubi launin leɓensa, ya ce, "Innalillahi," ya yar da allin.

Aka ɗora kwamandan Rundunar Ceton Zuciya a kujerar aski, zaune, da guntayen gashin wani a hannun kujerar. Tela da Mai Aski na turawa, Madam na gefe riƙe da hannunsa. Kujerar ta wuce ƙofar lungu sumul, har da sauran fili.

Mai Walda kuwa, ganin an tafi ba a yi amfani da aikinsa ba, ya ce ina, ya tara ƙarti uku suka kinkimo gadon ƙarfe suka biyo baya a guje. Ƙarau! Wannan karon da ƙarfin da suka zo da shi gadon ya cije a ƙofa, ba gaba ba baya. Duk taron, har da Gwaggo da falmaran, suka makale a cikin lungu, suna leƙe ta saman gado kamar awaki a mota.

A cikin motar asibiti, wata ma'aikaciya ta sa masa abin shaƙar iska, ta tambayi Madam ko akwai maganin da jikinsa ba ya so, ta ba shi wata ƙwaya ya tauna. Ba su yi nisa ba cikinsa ya juya, aka tara masa roba. Da ya gama, ya jawo hannun Madam, ya raɗa mata da sauran ƙarfinsa:

"Ki gaya wa Tela... ta biyar ta iso."

"Yi shiru," ta ce, hawaye na zuba, dariya na neman ƙwace mata.

Likita ya ce wata jijiya ce da ke kai wa zuciya jini ta toshe, an samu an buɗe ta. Ya ce da an tsaya jiran wani abu, da labarin ya sha bamban. Ya tambaya ko yana shan taba.

"Na bari tun bara, likita. Yanzu tururi kawai nake..."

"Sigarin lantarki?"

"Wanka ne ga huhu."

Likita ya cire tabarau ya dube shi. Ya ce tabar shekara ashirin da biyu ta riga ta yi ɓarnarta, shi kuma bututun akwai sinadarin taba a cikinsa da ke sa zuciya gudu, ba mai irin zuciyarsa zai kusance shi ba. Farfesa ya buɗe baki zai yi bayani a kan famfo, Madam ta matsa masa yatsa, ya rufe.

Bayan sati biyar ya dawo ginin, ya ɗan rame, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai a aljihu. An yanka gadon ƙarfe gida biyu kafin a fitar da shi daga ƙofa, yanzu rabi benci ne a gaban shagon Mai Walda. Tela ya tsamo bututun daga fenti, ya bushe jajir, ya ɗaure shi da zare a jikin allon. Ya taho da gudu ya riƙe hannun Farfesa da hannu biyu, ya kasa haɗa ido da shi.

"Farfesa, ka yafe ni. Ni da na tsaya ina ce maka saura..."

"Ka bi doka, magatakarda. Dokar ce ba a gama rubuta ta ba." Ya gyara murya, ya dubi waɗanda suka taru. "Kuma ku sani, duk abin nan da gangan na yi. Wa zai koya muku da na ƙarya ku gane?"

"Allah ya ƙara lafiya," in ji Mai Aski. "Amma in za a sake darasin, a gaya mana mu sa tsohon wando."

Sai ga Madam ta fito daga shago na ƙarshe, sanye da falmaran ja, ratsin azurfa na ƙyalli. Gwaggo ta ba ta tun ranar, ta saman gado ta miƙa wa Tela ya kai mata asibiti. Farfesa ya daɗe yana kallonta. Ya so ya ce an yi masa ƙwace. Abin da ya gani shi ne jan ya karɓe ta ƙwarai.

A hannunta akwai buroshi da ƙaramin gwangwani.

"Akwai layin da ya rage a allon nan," ta ce. "Likita ya ce ba kai ba hawa tukuna."

"Ke za ki rubuta? Madam, rubutun allo ilimi ne. Akwai awo, akwai..."

Ta riga ta taka mataki na biyu. Tsanin ya yi 'yar girgiza. Farfesa ya yi wuf ya cafke shi da hannu biyu.

Ta rubuta a sama, inda babu abin da zai tare shi: KO ƊAYA KA JI, KADA KA JIRA SAURAN. NEMI ASIBITI. Baƙaƙen sun karkace, wasu sun fi wasu ƙiba, fenti na ɗiga daga wutsiyar na ƙarshe. Farfesa ya ga duk wannan. Ya haɗiye.

"Yaya?" ta tambaya daga sama.

"Ba a taɓa rubutu mai kyan wannan ba a ginin nan," ya ce.

Tela ya miƙo masa kofin shayi. "Karɓi, Farfesa."

"Ajiye. Ba ka ga ina aiki ba? Riƙon tsani ba na kowa ba ne, Tela. Akwai yadda ake kafa ƙafa, akwai yadda ake karanta iska. Duk garin nan mutum biyu ne suka iya shi, kuma ɗayar ce ta koya mini."

Shayin ya huce a kan benci. Madam ta gama rubutu tuni, amma ta ci gaba da shafa buroshi a kan baƙi ɗaya, tana murmushi inda ba mai gani, shi kuma yana ƙasa yana zuba, bai saki ba.